Malam, kafin ka ɗora hoton ɗalibi a intanet

Duk malamin da ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, yana ƙarƙashin kundin ɗa'ar aikin koyarwa. Doka mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa hukumar, kuma aikinta bai tsaya a ba da takardar shaida ba. Tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, waɗanda ke da ikon jan kunnen malami ko soke sunansa daga rajista idan ya zubar da mutuncin sana'ar. Kaɗa ƙararrawar tashi ba ya sauke wannan nauyi. Abin da bai halatta ka yi wa ɗalibi a gaban allo ba, bai halatta da daddare a WhatsApp ba. Tura wa ɗaliba saƙon soyayya ko neman ta turo hotonta cin amana ne, ko da ita ce ta fara yin sallama.

Inda aka fi sakaci a nan Zariya, a ganina, shi ne hoto da bidiyo. Malami zai ɗauki yaro ɗan aji uku yana inda-inda a karatu, ya ɗora a Facebook ko TikTok, wai don jama'a su ga yadda ilimi ya lalace. Kafin la'asar bidiyon ya tashi daga Tudun Wada ya kai Samaru, an gane yaron, an gane gidansu, abokan wasa sun laƙaba masa suna. Niyyar malamin na iya zama mai kyau, amma yaron ne zai ɗauki kunyar shekara da shekaru. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗauki hoton mutum da sunansa da sakamakon jarrabawarsa a matsayin bayanansa, kuma sashe na 31 ya ce inda ake buƙatar amincewar yaro, iyaye ko waliyyi ne za su bayar. Yaro a nan shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ke nan har yawancin 'yan babbar sakandare. Wannan doka ba ta ware Islamiyya ko makarantar kuɗi ba.

Sai sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka gyara a 2024. Aika batsa, ko yaɗa ƙarya da gangan don ta da fitina, na iya jawo tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun. Tura tambayoyin WAEC ko NECO kafin a shiga jarrabawa kuwa laifi ne a dokar satar jarrabawa ta 1999.

Wannan bai rufe bakin malami ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma kokawa kan jinkirin albashi ko rufin aji mai yoyo haƙƙinsa ne, ni ma ina so a riƙa faɗa. Sai dai malamin gwamnati ya kiyaye takardun ofis, don ƙa'idojin aiki sun hana fitar da su ba da izini ba. Rufin kuwa, a bari yara su tashi tukuna, sannan a ɗauki hotonsa.