Bututun tururi ya farfasa silin ɗaki: yaya ake gyara wurin?

Wanda ya taɓa zama a tsofaffin gidajen bene na New York, irin na Bronx da Harlem inda 'yan'uwanmu na Ghana da Nijar suke da yawa, ya san bututun ƙarfen nan da ke tsaye a lungun ɗaki, ya ɓullo daga ƙasa ya shige silin. Shi ke kai tururi daga tukunyar da ke ƙarƙashin gini zuwa benayen sama don ɗumama ɗakuna lokacin sanyi. Inda ya huda silin, nan ake ta fama.

Me ya sa wurin ke sake tsagewa bayan an shafe shi?

Domin bututun motsi yake yi. Zafin tururi yana kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfe kuwa in ya ji zafi miƙewa yake, in ya huce ya koma. Bututu mai tsawon mita 3 yana ƙaruwa da kusan milimita 3. A gini mai hawa shida abin ya kusa santimita 2. Kuma duk lokacin da tukunya ta kama ko ta mutu sai an yi wannan kai da komo, sau da yawa a yini, tun daga Oktoba har Mayu. In ka manna masa filasta a jiki, da safe za ka tarar da farin gari a kan kafet.

To yaya ake yi?

A bari ya huce tukuna. Da bazara aikin ya fi daɗi. A kankare duk filastar da ta saki har a kai ga mai ƙwari. Sai a naɗe bututun da kwali mai kauri, a shafa sabuwar filasta ta zo ta tsaya a jikin kwalin. In ramin babba ne, a fara sa ragar ƙarfe ta riƙe ta. Bayan ta bushe a zare kwalin, ka ga an sami 'yar tazara kewaye da bututun. Wannan tazarar ita ce gyaran. A cusa mata audugar dutse, wadda ba ta cin wuta, a bi bakin da mannin tare gobara wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure zafin da ya haura digiri 100. Daga ƙarshe a rufe da farantin ƙarfen nan mai buɗewa gida biyu, wanda ake sayarwa a shagunan kayan famfo. Auna kaurin bututun kafin ka tafi saye.

Ba zan iya fesa kumfar toshe rami in huta ba?

Don Allah kada ka yi. Kumfar tana cin wuta, zafi kuma yana lalata ta. Haka tsumma da jarida. Ramin nan hanyar ɓera da kyankyaso ce, amma babban abin tsoron shi ne ranar gobara, ta nan hayaƙi ke hayewa ɗakin maƙwabcinka na sama.

Na ga wani farin abu naɗe a bututun, kamar kwali mai alli.

Tsaya, kada ka taɓa. A tsofaffin gine-gine yana iya zama asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. Tsohon fenti ma yana iya ɗauke da dalma. Birnin New York ya hana fentin dalma a gidaje tun 1960, amma yana nan a ƙarƙashin sabo. Gidan da ke da ƙananan yara, kankare shi a bushe ganganci ne. Masu lasisi ke wannan aikin.

In akwai jiƙa ko tabon tsatsa fa?

Yoyo ne, yawanci daga makunnin abin ɗumama ɗakin sama, ko bututun ya ci tsatsa a cikin daɓe. Sai mai gyaran famfo ya tsayar da ruwan kafin a yi maganar filasta.

Ni ɗan haya ne. Aikin wa ne?

Na mai gida ne. Dokar birnin mai lamba 55 ta 2018 ta wajabta wa masu ginin da ke da gidaje uku ko fiye su toshe ramukan da ƙwari da ɓeraye ke bi. Ɗauki hoton wurin, ka sanar da mai kula da ginin a rubuce, ka ajiye kwafi. In an yi biris da kai, kira 311, lambar hukumar birnin, ka shigar da ƙorafi.