Dashen ɓargo: me ake nufi da shi, kuma wa ke iya bayarwa?

Duk wanda ya yi jinyar mai kansar jini ko mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da wuya bai ji ana maganar dashen ɓargo ba. Abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne za a fasa ƙashi a kwashe ɓargon a zuba wani. Alhali ko wuƙa ba a sa wa majinyacin.

Ɓargo ne ke samar da jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin asali, su ne iyayen jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da jini idan an ji ciwo. Idan wasunsu suka ɓaci suka riƙa hayayyafa barkatai har suka danne lafiyayyun, kansar jini ke nan. Sai ka ga mutum kullum jininsa na ƙasa, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, dasashi na zub da jini.

Kafin dashe, ana ba majinyaci magungunan cutar kansa masu ƙarfi, wani lokaci har da gashin haske na na'ura (radiotherapy), don a kashe ɓargon da ya ɓaci. Daga nan sai a ɗora masa ƙwayoyin asalin wani ta jijiya, tamkar ƙarin jini, su bi jini da kansu su shige cikin ƙashi. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin su fara aiki, kuma a wannan tsakani ne hatsarin yake, domin jiki ba shi da garkuwa. Shi kuwa mai bayarwa, ana zuƙo ɓargon ne da allura daga ƙashin ƙugunsa bayan an sa shi barci, ko a yi masa allurai na 'yan kwanaki sannan na'ura ta tace ƙwayoyin daga jininsa. Cikin 'yan makonni jikinsa zai mayar da abin da aka ɗiba. A wasu nau'o'in kansar, ƙwayoyin majinyacin ake adanawa a mayar masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai bayar. Ba rukunin jini ake dubawa ba, wasu alamomin gado ne da likitoci ke kira HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowane shaƙiƙi, wato uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa gaba ɗaya. A gidajenmu na Zazzau mutum kan bugi ƙirji ya ce yana da 'yan'uwa ashirin, amma a wannan lissafin 'yan ɗakinsu ne a gaba. Ɗan uba galibi iyakarsa rabin dacewa, haka ma uwa da uba da 'ya'ya. A da rabin ba ya isa, amma likitoci a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gano hanyar ba da wani magani bayan dashe wanda ya sa yanzu ana amfani da masu rabin dacewar. Auren zumunci ma, duk da matsalarsa a batun sikila, yakan ƙara yiwuwar dacewa cikin dangi.

Dalilin wannan tsantseni shi ne sabon ɓargo na zuwa da garkuwar mai shi. Tana iya ɗaukar jikin majinyaci a matsayin baƙo ta far wa fata da hanta da hanji. Abin mamaki, wannan faɗan ne kuma ke taimakawa wajen kashe ragowar ƙwayoyin kansar.

Donnall Thomas na Amurka ne ya share fagen aikin tun shekarun 1950, ya samu kyautar Nobel a 1990. A Najeriya sai 2011 aka yi na farko, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila. Na Jami'ar Legas ya fara a 2024. Tsada ce ke tare yawancin iyalai, masu hali kuma kan nufi Indiya. A ganina bai kamata a fara sayar da gona ba kafin a san nau'in kansar, domin ba kowace ke buƙatar dashe ba. Akwai wata kansar jini da ake kira CML, da tun 2001 ƙwayar magani mai suna imatinib ke riƙe yawancin masu ita shekara da shekaru.