Mene ne "bach" da ke wutsiyar Mönchengladbach?

Duk ƙarshen mako sai na ji wani mai sharhin ƙwallo ya sha wuya da sunan nan, na wani gari a Jamus da ƙungiyar ƙwallonsa, Borussia Mönchengladbach. Wani ya ce "Gladbak", wani "Gladbac", wani kuma ya yanke shi ya ce "Monchen" kawai, har mai sauraro ya ɗauka ƙungiyar maƙwabciyar Bayern Munich ce. Ina! Garin yana can yammacin Jamus, kusa da iyakar Holan, Munich kuwa tana kudu. Sautin ƙarshen kuma daga maƙogwaro yake fita, kamar harafin kha na Larabci. Wanda ya yi makarantar allo ba shi da uzuri.

A Jamusanci "bach" ƙorama ce, ruwan da bai kai kogi ba. Gladbach sunan wata 'yar ƙorama ce da aka gina gidan sufaye Kiristoci kusa da ita a shekarar 974, "Mönchen" ɗin kuma sufayen ne. Ke nan mai cewa "Monchen" ya jefar da ruwan ya riƙe sufaye. Ruɗanin ma ba da mu ya fara ba. Da can München-Gladbach ake rubutawa, mutane na haɗa shi da Munich, wanda sunansa da Jamusanci München ne, aka yi ta gyaran rubutu har ya tsaya yadda yake yau a 1960. Ƙoramar kanta yawancinta an rufe ta a ƙarƙashin gari. Ƙungiyar da ta ci kofin Bundesliga sau 5 a shekarun 1970 tana yawo da sunan ruwan da da wuya ɗan garin ya gan shi, abin da ni dai ke ba ni haushi.

A arewacin Jamus, inda ake da karin harshen Jamusanci da ake kira Low German, kalmar takan koma "bek" ko "beek": Wandsbek da Barmbek a Hamburg. Amma kada a yi gaggawa, Lübeck ba ta ciki, sunanta daga harshen Silabawa ya fito, wato dangin mutanen Poland da Rasha.

Sai tarkon da ya fi kama mutane, wato "ach" da ke wutsiyar wasu sunayen. Kunne zai ce "bach" ce ta yar da harafi. Asalinsu daban. Ita daga tsohuwar kalma "aha" ta fito, 'yar'uwar "aqua" ta Latin, kuma takan hau kan kogi sosai, irin Salzach da ya ratsa Salzburg, wanda ba mai tsallake shi da wando a naɗe.