Mene ne wanwe, kuma me ya sa yake ƙara gosulo maimakon ya rage?

Wanwe a bakin direbobinmu shi ne mutum ya bar hannunsa ya hau hannun masu tahowa, wato yana tuƙi yana fuskantar motocin da su ne ke da haƙƙin wurin. Za ka ji an ce "ya bi wanwe", ko "an kama shi a wanwe", ko ma fasinja da kansa ya ce wa direba "malam ɗan yanki wanwe mana mu wuce". Asali sunan titi ne da aka ce kowa ya bi shi ta fuska ɗaya, amma a Najeriya ya koma sunan laifin da kansa, don haka in aka ce wane ya yi wanwe to karya doka ya yi.

Kafin a gane wanwe sai an gane hannu tukuna. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, Najeriya ta bar hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, saboda maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk dama suke bi. To a titi mai tagwaye, irin na Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, kowane ɓangare yana da layi biyu, kuma ba wai kowa ya zaɓi wanda ya yi masa ba ne. Layin dama shi ne na tafiya, na hagu wanda ke jikin kankaren tsakiya na obatekin ne kawai, ka ba da sigina ka shiga ka wuce wanda ke gabanka ka koma dama abinka. Shikenan dokar fa, amma hau titin ka gani. Tirela ce za ka samu ta kafe a hagu tana jan jiki da lodin siminti, alhali ita doka ma ba ta yarda ta wuce kilomita 60 a awa ba a babban titi, kai kuma mai ƙaramar mota an yarje maka har 100, ka danna oda ka yi masa wuta ko a jikinsa, daga ƙarshe ka gaji ka wuce shi ta dama inda ba ya ganinka sosai a madubi.

In ka tambayi direban tirelar yana da amsarsa, kuma gaskiya ba duka ce ƙarya ba. Zai ce maka gefen dama ne ramuka suka fi yawa, nan ake fakin ba alama, nan 'yan adaidaita sahu ke tsayawa ba sigina don an ɗaga musu hannu, nan masu talla suka baje kaya, shi kuma motar da ke ɗauke da tan talatin ba ta tsayawa da taka birki ɗaya. Na yarda da wannan a cikin gari ko bakin kasuwa. Amma a dajin Allah inda kwalta take lafiya lau, zama a hagu sabo ne kawai da rashin damuwa da na baya.

Daga nan haushi yake farawa, kuma wanwe ɗan haushi ne. Mutum ya taho ransa a ɓace, sai ya tarar da gosulo, wata mota ta lalace ko an yi hatsari ko shingen bincike ne a gaba, layi biyu ya koma ɗaya. Da farko kowa na bin sahu. Sai wani ya fita ta gefen ƙasa ya buɗe layi na uku, wani ya ga ai wancan ya wuce ba abin da aka yi masa shi ma ya bi, kafin ka ankara wata Sharon ta samu inda kankaren tsakiya ya karye ta tsallaka ɗaya hannun, motoci goma sun rufa mata baya, kai da ka tsaya a layi fasinjojinka sun fara ce maka wai kai ba direba ba ne.

Abin da masu wanwe ba sa son ji shi ne, ba su ƙara wa hanyar faɗi ba ko da taku ɗaya. Matsalar tana can wurin da hanya ta tsuke, kuma wurin nan mota ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ko layi biyu ne a bayansa ko shida. Kamar bakin mazurari ne, duk yawan man da ka antaya a sama abin da bakin zai iya shi zai fitar. Abin da ma ya fi muni, idan layi biyu ne sai a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana tafiya a hankali, amma idan shida ne kowa na cusa hancin motarsa, kowace shiga sai an yi cirko-cirko da zage-zage, wani ya goge wani a fito ana duba fenti. Su kuma waɗanda suka tsallaka sun toshe masu tahowa, na can ɓangaren su ma su ce ba za su yarda ba su hau naku hannun, shikenan an kulle ta ko'ina. Motar janwe da za ta zo ta ɗauke abin da ya lalace ba ta da hanya, motar asibiti ba ta da hanya, jami'an ma sai dai su tako da ƙafa. Gosulon rabin awa haka yake komawa na kwana, duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ko ya san Mararaba da Nyanya da safe ya ga irin wannan.

Wannan kenan in ana cikin cunkoso inda ba gudu. Wanda yake kisa shi ne na lokacin da titi yake a buɗe, mutum yana ƙyashin zuwa yutan don yana da nisa, gidan mai ko kwanar gidansu kuma ga ta nan a tsallake, sai ya ce bari in ɗan bi gefe ai minti ɗaya ne. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan kai ma kana 100 kuna fuskantar juna, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da wajen mita 55 duk daƙiƙa, kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki an gama, shi ya sa taho-mu-gama ba kasafai ake fita da rai ba. Mai tsallaka titi a ƙafa kuwa ɓangaren da ya san motoci na fitowa kawai yake kallo, yara 'yan makaranta da tsofaffi su ne abin ya fi ritsawa da su, musamman da babura da adaidaita waɗanda su wanwe ma ba sa lissafa shi a laifi.

Akwai wanda hukuma ce da kanta take mayar da mutane hannu ɗaya, lokacin gyaran hanya, kamar yadda aka yi shekaru ana yi a titin Abuja zuwa Kano tun da aka fara sake gina shi a 2018. Wannan ba laifi ba ne, amma ni a ganina ya ƙara lalata tarbiyyar tuƙi, don mutane sun saba da ganin mota tana fuskantarsu a titin tagwaye har abin ya daina ba su tsoro. Sai kuma manya masu jiniya da rakiyarsu, waɗanda da sun ga gosulo sai su tsallaka a buɗe musu hanya, talaka yana kallo, wasu ma bin bayan ayarin suke yi a guje. Da wuya ka gamsar da ɗan adaidaita cewa abu laifi ne alhali jiya ya ga an yi shi da motar gwamnati.

Ta fuskar doka kam ba wasa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da tara a kan saɓa hannu, kuma a 2017 ta fara tura masu irin wannan laifi a Abuja gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa kafin a sakar musu mota. Legas ta fi kowa zafi, dokarsu ta 2012 da wadda ta gaje ta a 2018 sun tanadi ɗauri da ƙwace mota, kuma a 2022 an yi gwanjon motoci sama da ɗari da kotu ta ƙwace saboda laifukan hanya, da yawansu na wanwe ne, wasu masu motocin suna wurin suna kuka. A Kano KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ce ke wannan aiki tun 2012. Ni ƙwace motar da mutum yake ci da iyalinsa a laifin farko ya yi mini tsauri, na fi ganin amfanin tara madaidaiciya wadda ta tabbata za a biya da rasit kuma ba ta tsallake kowa, a kan hukunci mai ban tsoro da ake sasantawa a gefen titi. Kuma dole masu zana hanya su ɗauki nasu kason, in ka raba unguwa biyu da kankare ka kai yutan can nesa ba gadar tsallaka, ka san abin da zai biyo baya.

Ga mai tuƙi da daddare kuma, wanda ya tsallako daga ɗaya hannun yawanci jikin kankaren tsakiya yake bi, wato layinka na hagu, kuma ba lallai fitilunsa biyu na aiki ba, sai ka ɗauka babur ne. In ka hango wuta tana fuskantarka rage gudu ka sa sigina ka koma dama, kada ka tsaya yi masa wuta kana jiran ya kauce don kai ke da gaskiya.