Tayoyin Tirelar Kwana da Yadda Ake Zaɓen Madadinsu

Tirelar kwana ɗaki ne mai tayoyi wanda mota ke ja, ana yin masa gado da wurin girki da makewayi domin masu doguwar tafiya da yawon buɗe ido, kuma ta fi yawa a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai da Ostireliya. Tayoyinta sun bambanta da na mota ta fuskar aikin da suke yi, domin ba su karɓar ƙarfin inji, ba kuma su ake juyawa da sitiyari ba. Aikinsu shi ne ɗaukar nauyi da bin motar da ke gaba ba tare da tangaɗi ba. Saboda haka ne a Amurka ake ƙera wani rukuni na musamman mai alamar ST a gefensa, wanda bangonsa ya fi na tayar mota tauri. A Turai kuwa an fi amfani da tayoyin ƙananan motocin kaya masu alamar C.

Wanda zai sauya taya yakan fara ne da karanta lambobin da ke jikin tsohuwar da kuma allon bayani da kamfani ya manna a jikin tirelar. A rubutu irin ST225/75R15, lamba 225 faɗin tayar ce da milimita, 75 na nuna cewa tsayin bangon kashi 75 cikin ɗari ne na faɗin, 15 kuma girman rim ne da inci. Harafin R na nufin radiyal, wato zaruruwan cikin tayar sun ratsa ta daga gefe zuwa gefe, yayin da harafin D ke nuna tsohon tsari inda zaruruwan ke giciye juna a karkace. Radiyal ba ta saurin ɗaukar zafi a doguwar tafiya bisa kwalta, shi ya sa ta kusa mamaye kasuwar tirelolin kwana, kuma ba a so a haɗa nau'o'in biyu a tirela ɗaya.

Abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne nauyin da tayar za ta iya ɗauka, wanda ake nunawa da harafi. Rukunin C (wanda ya bambanta da alamar C ta Turai) yana ɗaukar iska har psi 50 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), D har 65, E kuma har 80. Taya mai girman ST225/75R15 a rukunin D tana ɗaukar kimanin kilo 1,150, a rukunin E kuwa kimanin kilo 1,285, amma fa sai an cika mata iskar da aka rubuta, domin iskar ce ke ɗauke da nauyin. A ɗauki misalin tirela mai aksil biyu (aksil shi ne sandar ƙarfen da ake ɗaura taya a kowane gefenta) wadda nauyinta da kaya ya kai kilo 3,500. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yana sauka ne a kan mahaɗar da ke bayan mota, sauran kimanin kilo 3,100 kuma tayoyi huɗu ke raba shi. A takarda kowace taya na ɗauke da ƙasa da kilo 800, sai dai a zahiri gefen da firji da tankin ruwa suke yakan fi ɗayan nauyi nesa ba kusa ba, kuma sikeli ne kaɗai ke bayyana hakan. Don haka masana ke ba da shawarar a bar rara a kan lissafi. Wanda ya koma rukuni mafi ƙarfi kuma dole ya tabbatar rim ɗinsa da bawul ɗinsa suna jure iskar, domin bawul na roba da aka saba gani ba ya wuce psi 65. Ƙarfin taya ba ya ƙara wa aksil ƙarfi, ko da yake mutane da yawa sukan manta da wannan.

Tayoyin ST na da an ƙayyade musu gudun mil 65 a awa, wato kimanin kilomita 105. Sababbi da yawa suna ɗauke da harafin L mai kilomita 120, ko M mai 130, ko N mai 140, kamar tayar Goodyear Endurance da aka fitar a 2017. Gudu da ƙarancin iska da yawan kaya duk zafi suke haifarwa, zafi kuma shi ke raba zanen taya da jikinta. Idan hakan ya faru bisa hanya, ɓallen robar da wayoyin ƙarfe na cikinsa yakan yi ta dukan ƙarƙashin tirelar har ya yaga katako ya tsinke wayoyin wuta da bututun ruwa, direba kuma yana gaba bai ji komai ba. Wannan ne ya sa na'urar da ke auna iska da zafin taya tana aika bayani gaban direba ta samu karɓuwa.

Tayar tirela ba kasafai take suɗewa ba, tsufa ne ke kashe ta, saboda takan shafe watanni a tsaye rana na dukanta. Zane mai zurfi ba shaidar lafiya ba ne. Shekarunta suna cikin lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar, tsarin da ake bi tun shekarar 2000: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Da yawa daga masu sana'ar suna sauya tayoyin tirela bayan shekara biyar zuwa shida ko da ba su yi tafiya mai yawa ba, kuma ya kamata mai saye ya duba wannan lamba tun a shago, domin taya na iya tsufa a rumbun ajiya. Ƙananan tsage-tsage a bango ko kumburi kamar ƙwai alama ce ta a cire ta nan take. A tirela mai aksil biyu, idan taya ɗaya ta fashe, abokiyarta ta gefe ɗaya takan ɗauki nauyin biyu na tsawon tafiyar da aka yi kafin a tsaya, don haka ita ma ana sauya ta, sifiya kuma ana duba shekarunta da iskarta tare da sauran.