Waiwaye: Yadda "blockbuster" ta baro fagen yaƙi ta shiga sinima

Masu bin labaran fina-finan Amurka sun saba jin ana kiran wani fim "blockbuster", wato wanda ya ci kasuwa, jama'a suka yi dafifi don kallonsa. Sai dai ba a gidan sinima aka raɗa sunan ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne jaridu suka laƙaba shi wa manyan bama-baman da jiragen Birtaniya ke sakar wa biranen Jamus, masu nauyin kusan tan 2 zuwa sama, waɗanda aka ce guda ɗaya kan rusa gidajen layi sukutum, abin da kalmar ke nufi ke nan a Turance.

'Yan talla ba su bari ta huce ba. A 1943, ana tsaka da yaƙin, kamfanin fina-finan Amurka na RKO ya tallata fim ɗinsa na yaƙi, Bombardier, da wannan kalma.

Ma'anar da muka sani yau kuwa ta kafu ne a watan Yunin 1975, da fitowar fim ɗin Jaws na darakta Steven Spielberg. A da, babban fim kan fara ne a 'yan sinimomin manyan birane, sannan ya gangara sauran garuruwa sannu a hankali. Shi kuwa Jaws sai aka sake shi a sinimomi sama da 400 rana ɗaya, bayan an cika talabijin da tallarsa. Ɗalibai na hutun bazara, layin sayen tikiti ya zagaye gini, wasu suka kalla suka sake komawa. Da Star Wars ya zo a 1977 ya yi abin da ya fi haka, sai Hollywood ta mai da lokacin bazara kakar girbinta.

Nan ne, a ganina, kalmar ta ɗan karkace. Da can sai fim ya tara jama'a ake yi masa kirarin. Yanzu tun kafin ya fito ake ba shi, don kawai an narka masa ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wani ma ya faɗi warwas a kasuwa amma sunan na nan. Kuma tun asali ba ingancin labari take aunawa ba, yawan masu biyan kuɗi take ƙirgawa.

Ta ma fita daga harkar nishaɗi. Kamfanonin magunguna na kiran duk maganin da cinikinsa ya kai dala biliyan 1 a shekara da wannan suna, kamar Lipitor, mai rage kitsen jini, wanda a da kamfanin Pfizer ke sayarwa.