Wane Ne Daliget a Zaɓen Fidda Gwani?

Duk lokacin da zaɓen fidda gwani ya gabato, za ka ji masu sharhi a rediyo da 'yan majalisar shayi suna ta ambaton daliget. Daliget wakili ne da 'yan jam'iyya na wata ƙaramar hukuma suka zaɓa domin ya je babban taro ya kaɗa ƙuri'a a madadinsu, a fitar da wanda zai yi wa jam'iyyar takarar shugaban ƙasa. Ke nan a irin wannan zaɓe katin zaɓenka ba ya aiki. Ko da ka cika gari da fastar gwaninka, kana kwana kana tashi kana kare shi a Facebook, idan ba daliget ba ne kai, ɗan kallo ne a ranar.

Dokar zaɓe ta 2022 ta bai wa jam'iyyu hanyoyi uku. Akwai 'yar tinƙe, wadda wasu ke kira ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe da kansa. Da ita APC ta tsayar da Buhari a 2018, ta ce ya samu ƙuri'a sama da miliyan 14, kodayake shi kaɗai ne a fagen. Akwai masalaha, wadda doka ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Sai kuma ta daliget, wadda manyan jam'iyyu biyu suka bi a 2022.

A shekarar, dokar ta cire waɗanda a da suke zama daliget saboda muƙaminsu, irin su gwamnoni da 'yan majalisa, aka bar zaɓaɓɓu kawai. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku-uku daga ƙananan hukumomi 774. Yi lissafi ka gani: Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta je taron APC da mutum 132, Bayelsa mai 8 ta je da 24. Shi ya sa masu neman tikiti suka yi ta sintiri a gidajen gwamnatin jihohi masu yawan ƙananan hukumomi, su sha hannu da gwamna, su gana da wakilai a ɗaki a rufe.

A nan gizo yake saƙa. A takarda, daliget zai zaɓi wanda mutanensa ke so. A zahiri, sau da yawa gwamna ko uban gidan siyasa ne ya sa sunansa, shi ya yi masa mota zuwa Abuja, shi ya kama masa otal, kuma umarninsa yake jira. Dubi taron PDP na daren 28 ga Mayun 2022 a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja: gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Tambuwal, ya hau dandamali ya ce ya janye wa Atiku Abubakar, ya kuma umarci magoya bayansa su bi shi. Da aka ƙidaya, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Ba wanda ya koma Sakkwato ya tambayi talakawa ra'ayinsu kafin a juya akalar. A APC ma, shugaban jam'iyya na lokacin Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan masalaha, gwamnonin Arewa suka ce ba da su ba, dole mulki ya koma Kudu. A Dandalin Eagle, Bola Tinubu ya tashi da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235.

Maganar raba wa daliget dala kuwa an sha yin ta, har ana zolayar cewa kakar daliget ta fi ta manomi albarka. Zargi ne da ke da wuyar tabbatarwa a kotu, amma wanda ya biya naira miliyan 100 don fom ɗin APC, ko miliyan 40 na PDP a 2022, ba ya zuwa wurin taro hannu rabbana.

A Amurka ma akwai daliget, sai dai a can talakawa ne ke fara zaɓe jiha bayan jiha, sannan a raba wakilai bisa sakamakon. A namu tsarin na 2022, wanda ke son muryarsa ta kai Abuja sai ya yanki katin jam'iyya tun da wuri, ya kuma halarci taron mazaɓa, domin tun daga can ake fara tsara waɗanda za su je.